Yadda ake zaɓen ƙaramar libarba mara nauyi da yadda ake riƙe ta, da abin da doka ta ce da mu a nan Katsina

Shekaranjiya bayan isha'i muna majalisarmu ta wajen Ƙofar Ƙaura, ɗan yayata ya matso kusa da ni ya miƙo mani waya, wani bidiyo ne na wani Bature yana juya wata 'yar ƙaramar bindiga a tafin hannunsa, ya ce "Kawu don Allah irin wannan nawa take, kuma ina ake samu? Kai da ka zauna can ai ka sani." Ba shi ne na farko ba, tun da na dawo daga Amurka ake yi mani wannan tambayar, wani a ɓoye wani a fili, kuma wallahi ban ga laifin mai tambaya ba. Wanda yake da dangi a Batsari ko Safana ko Jibiya ko Faskari ya san abin da ake ciki, kuma babu wanda ya manta da abin da ya faru da ɗaliban makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020. Har tsohon gwamna Aminu Bello Masari da kansa ya fito a 2021 ya ce mutane su tashi su kare kansu. To shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin dalla-dalla, don na riƙe irin wannan bindigar shekaru a jihar Teksas da lasisina, na san daɗinta na san wahalarta, kuma muna da 'yan'uwa da yawa a can da abin zai yi wa amfani kai tsaye.

Matakin farko ba shagon bindiga ba ne, doka ce, kuma a nan ne amsar ɗan yayan nawa take. Dokar makamai ta Najeriya tun ta 1959 ce, ita ake aiki da ita, ta raba bindigogi gida uku. Gida na farko su ne haramtattu, waɗanda babu mai riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai ganga irin ta bidiyon nan, da fistol suna cikin wannan gidan, layi ɗaya da bindigogin yaƙi, har 'yar ƙaramar da maƙeri ya ƙera mai cin harsashi ɗaya ita ma tana ciki. Gida na biyu bindigogin farauta na zamani irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, su Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Na uku bindigar toka, harba-ka-ruga, wadda ake ɗurawa ta baki, ita kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Wanda aka kama da ta gidan farko ba lasisi, hukuncin da ke rubuce ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Don haka in kana Katsina ko Daura ko Funtuwa, kai ba jami'in tsaro ba, maganar gaskiya ita ce libarba ba taka ba ce, duk wanda ya ce maka zai samo maka "da takarda" ƙarya yake yi, ko dai ya cinye kuɗinka ko ya jefa ka gidan yari. Zan dawo kan abin da mutumin gida zai iya yi a ƙasa, amma bari in fara da wanda yake ƙasar da doka ta yarda.

A Amurka ma ba kowa ba ne. Wanda ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga in ban da wasu 'yan togaciya, kada ka ga abokin karatunka ɗan ƙasa yana da ita ka ce kai ma bari ka saya, hakan na iya jawo a koro ka. Mai katin zama na dindindin da wanda ya zama ɗan ƙasa su ne ke da dama. Kafin dila mai lasisi ya sayar maka da ƙaramar bindiga sai ka cika shekara 21, ka cike fom mai lamba 4473, a buga sunanka a binciki tarihinka, in ka yi ƙarya a fom ɗin nan babban laifi ne, haka in ka saya wa wani da sunanka. Sannan kowace jiha da nata tsarin. Fiye da rabin jihohin yanzu ba sa neman lasisi kafin ka ɗauke ta a jiki, Teksas ta shiga sahun a Satumbar 2021, amma Niyok da Kalifoniya da ire-irensu har yanzu da tsauri sosai duk da hukuncin kotun ƙoli na 2022 da ya sassauta wani ɓangare. Ni shawarata ko jiharka ba ta tilasta ba ka je ka yi lasisin. A Teksas aji ne na awa 4 zuwa 6, sai gwajin harbi na harsashi 50 daga tazarar yadi 3 da 7 da 15, kuɗin neman lasisin dala 40. A ajin nan na san wuraren da ba a shiga da ita, gidan waya, kotu, makaranta, wajen zaɓe, da ma'anar allunan da ake liƙawa a ƙofar shaguna, kuma a nan aka nanata mana cewa jan kunama daƙiƙa ɗaya ne amma shari'ar da ke biyo baya shekaru ce.

Mataki na biyu ka tambayi kanka da gidanka. Wannan ba a cika faɗa ba amma ni na fi ba shi muhimmanci a kan zancen wace iri ce ta fi. In kai mai saurin fushi ne, in kuna yawan rigima da iyali, in akwai wanda ke fama da matsananciyar damuwa a gidan ko matashi mai shaye-shaye, to a haƙura. A Amurka fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a shekara su ne suka kashe kansu da ita, ba ɓarawo ba ne ya harbe su. Ka zauna da maiɗakinka ku yi maganar, kada ta zo tana gyaran durowa ta ci karo da abu.

To in an wuce nan sai zaɓe. Me ya sa libarba, ba fistol mai cin 15 ba? Saboda sauƙinta. Ganga ce mai ramuka biyar ko shida, ka buɗe ta gefe ka ga da idonka ko akwai harsashi ko babu, ba wani makulli da za ka manta ka buɗe lokacin da jikinka ke rawa, in harsashi ɗaya ya ƙi tashi ka sake jan kunama gangar ta juyo da na gaba. Tana jure zama cikin aljihu da ƙura da zaren tufa. Aibinta kuma a fili yake, harsashi biyar kawai, sake ɗurawa da jinkiri, kuma duk cikin ƙananan bindigogi ita ta fi wuyar iya saiti. Masu shago suna yawan miƙa wa sabon shiga da mata ita wai don ƙarama ce, alhali ƙanƙantar ce ke sa ta wahala.

Waɗanda za ka fi gani a kanta guda uku ne ko huɗu. Akwai Smith & Wesson 642 mai launin azurfa da 'yar'uwarta 442 baƙa, jikinsu na alminiyom ne, harsashi biyar, bututun bai kai inci 2 ba, nauyinsu kaɗan ya haura giram 400, wato ledar fiya wata ɗaya ta fi su nauyi. Zuriyarsu tsohuwa ce, tun 1950 kamfanin ya fara wannan ƙaramin ƙirar, shi ya sa kube da mariƙi da duk wani kayan gyaransu ko'ina akwai. Akwai Ruger LCR da ta fito a 2009, wani ɓangaren jikinta roba ce mai ƙarfi, wadda ke cin harsashin da ake kira .38 Special wajen giram 380 take, kuma mutane da yawa sun fi son laushin kunamarta. Akwai Taurus 856 ta ƙasar Barazil, ita shida take ci kuma ita ta fi araha, tana da ta ƙarfe mai nauyin sama da giram 600 da mara nauyi wadda ba ta kai rabin kilo ba. Sai Charter Arms Undercover, ita ma mai sauƙin kuɗi ce. Gaba ɗayansu dai lokacin da nake can tsakanin dala 300 da 600 ake samun su, ya danganta da shago da lokaci. Ni 642 na riƙe.

Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne rashin nauyi ba kyauta ba ne, biya ake yi. Duk yadda bindiga ta rage nauyi haka shurinta ke ƙaruwa, don ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ke dawowa tafin hannunka, in babu ƙarfen da zai shanye shi ƙashinka ne zai sha. Ranar da na fara harba tawa, kafin in gama kwali ɗaya na harsashi 50 tsakanin babban yatsana da manuni ya yi ja ya kumbura, washegari da kyar na riƙe biro a wajen aiki. Akwai ma waɗanda suka fi wannan rashin nauyi, na wani ƙarfe mai tsada, masu cin harsashi mai ƙarfi da ake kira .357 Magnum, giram 330 da wani abu, kada ka ko kalle su, ga tsada ga azaba, wanda ya saya yakan harba sau biyar ya ajiye, kuma bindigar da ba ka atisaye da ita ba ta da amfani a wajenka. In a ƙugu za ka ɗaura ba a aljihu ba, ta ƙarfe mai giram 600 ta fi daɗin koyo nesa ba kusa ba. Harsashi kuwa .38 Special ya isa.

Sai maganar gudumar baya, abin nan da ake ja da babban yatsa a fim. Don ɗauka a jiki ka zaɓi wadda gudumarta ke rufe a ciki kamar 642 da LCR, saboda mai fitowa waje tana sarƙe tufa lokacin zarowa, kuma tana jan mutum ya riƙa ɗana ta, in aka ɗana kuwa kunamar ta zama taɓa-ni-in-tashi, mutum a firgice bai kamata ya riƙe irin wannan ba. Mai rufaffiyar guduma kunamarta doguwa ce mai tauri, kamar ka ɗaga kilo 5 da yatsa ɗaya, wannan taurin shi ne makullinta. Kafin ka biya ka je filin harbi da ke ba da haya, ka gwada biyu ko uku, ka ga wadda yatsanka ke iya jan kunamarta har ƙarshe ba tare da bakin ya karkace ba. Dattijo ko mai ciwon gaɓɓai in ya kasa ja, to ba tasa ba ce, kada kunya ta sa ya saya.

In kuɗi sun yi kaɗan ana sayen ta hannu, amma a shagon dila mai lasisi, ba a bayan mota ba. Ka nemi izini, ka buɗe gangar ka tabbatar babu komai ciki, kai da mai shagon ku gani tare. Ka leƙa bututun da fitila ka ga ba tsatsa ba kumburi. Ka rufe, ka ja kunama a hankali ka ji gangar ta shiga mazauninta ta tsaya cak kafin gudumar ta faɗi, ka yi haka a kowane rami, in akwai wanda bai kulle ba sai ka taimaka masa da hannu to ka ajiye ta. Ka girgiza gangar gaba da baya, motsin ya zama kaɗan ƙwarai. Ka duba kan kusoshin jikinta, in duk sun ci sukundireba alama ce wani gwanin gida ya buɗe ta ya yi wasa da cikinta. A jikin alminiyom kuma ka duba ƙarƙashin inda bututu ya shiga jiki, nan ne tsagewa ke fitowa.

Mataki na gaba kube, kuma ka sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko tare da akwatin ajiya da harsasan koyo, don mutane sukan ƙarar da kuɗin kaf a kan bindigar su dawo suna jefa ta tsirara a aljihu. Ƙa'idar kube uku ce, ya rufe kunama ruf, ya riƙe bindigar ko ka sunkuya, kuma in ka zaro ta shi ya tsaya inda yake. Ni na fara da wani mai araha na yadi da na saya a intanet, rannan na sunkuya ɗaure takalmi a wajen ajiye motoci sai ji na yi abu ya zame ya faɗi ƙasa ƙwal, Allah ya sa babu kowa kusa kuma irin waɗannan na zamani an yi su yadda faɗuwa ba ta tayar da su, amma gumin da ya karyo mani a ranar ban manta shi ba. In ta faɗi kada ka kai hannu ka cafke ta a iska, nan yatsa ke shiga kunama, bar ta ta kai ƙasa. Daga ranar na sayi na kirki. In a aljihu ne, aljihun nan ya zama nata ita kaɗai, ba makulli ba canji ba carbi. Mu masu sa kaftani akwai ƙarin matsala, aljihun gefe na kaftani sakwaf yake, nauyin kan ja rigar gefe ɗaya yana lilo yana bugun cinya, kowa ya gane akwai abu, gara aljihun wando mai ɗamara mai ƙarfi ko kube na cikin ƙugu, rigar ta sauko ta rufe. Ka gwada a gida da bindigar ba harsashi, ka zauna, ka tashi, ka shiga mota, ka yi ruku'u da sujada, ka tsuguna kamar za ka yi alwala. Masallaci kuma ka tambayi kwamitinsa, in sun hana sun hana, kuma ko a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Ban da shiga bayi, nan ne aka fi mantawa da ita a kan tanki a fito.

Sai koyo, wanda shi ne ainihin aikin. Ƙa'idoji huɗu ne ake karantar da kowa kuma ba a yi masu kwaskwarima, kowace bindiga ka ɗauka akwai harsashi a cikinta ko an ce maka babu, kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ya lalace ba, yatsa a miƙe a gefe sai lokacin da ka yanke shawarar harbi, kuma ka san abin da kake nufi da abin da ke bayansa, don bangon gidajen can allo ne, harsashi na ratsa shi ya shiga ɗakin maƙwabci. Mu ma ai muna da hadisin da ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, don ba ka san lokacin da Shaiɗan zai fizgi hannunka ba. A libarba akwai ƙari ɗaya, tsakanin ganga da bututu akwai 'yar tazara da wuta ke fesowa da ƙarfi, kada yatsan hannun hagu ya kai wajen. Ka sa abin toshe kunne da tabarau, ka wanke hannu da sabulu bayan harbi saboda dalma kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro.

Ka fara daga yadi 3 da harsashi mai sauƙin shuri, akwai wani mai shafaffen kai na gasar saiti mai nauyin giren 148, giren ma'aunin nauyin harsashi ne ba giram ba, shi ya fi dacewa da sabon hannu. Sirrin duka a jan kunama yake, ja ɗaya santal daga farko har ƙarshe ba tsayawa ba fizga, ka riƙe mariƙin can sama da ƙarfi. A gida ana atisaye ba harsashi, da harsasan roba na koyo, amma da sharaɗi, ka cire na gaske ka kai su wani ɗaki daban, ka duba gangar sau biyu, ka fuskanci bangon da ba kowa bayansa, in ka gama ka ce a bakinka na gama, kada ka ɗura sannan ka ce bari in ƙara ɗaya, yawancin harbin kuskure a gida daga "ƙara ɗaya" ɗin nan yake. Minti goma sau uku a mako ya fi kwali huɗu rana ɗaya a shekara. Harsashin da za ka ɗauka a jiki kuwa ka nemi wanda aka yi don gajeren bututu, in mai alamar +P ne, wato mai ƙarin ƙarfi, ka duba jikin bindigar ko littafinta ka ga an yarda da shi, ka harba kaɗan daga ciki ka ga inda yake sauka, kuma ka riƙa canza su lokaci-lokaci don gumi da mai na shiga. In mariƙin da ta zo da shi yana cin hannunka a canza mai ɗan kauri wanda ya rufe ƙarfen baya, kuɗi kaɗan ne amma bambancin da yawa.

Gyara ba wuya. Bayan kowane harbi a goge bututu da ramukan ganga da burushi, a share ƙarƙashin tauraron nan da ke turo kwanso waje don ƙwayar albarushi ɗaya in ta maƙale a nan sai gangar ta ƙi rufuwa, mai ɗigo ɗaya ko biyu kawai, ramukan harsashi a bar su a bushe. Duk mako a fitar da ita daga kube a kakkaɓe zaren aljihu a goge gumi. Kada ka buɗe murfin gefe, kada ka sa wani ya rage maka taurin kunama da magagari.

Ajiya kuwa wuri biyu ne kawai, ko tana jikinka cikin kube ko tana cikin akwatin ƙarfe a kulle. Babu ƙarƙashin filo, babu saman wardirof. Gidan Bahaushe ko a Amurka ne ba ya rabuwa da baƙi da yara, ranar suna ko sallah yara goma na zagaye ɗakuna, kuma yaro ɗan shekara huɗu yana iya jan kunamar da kake ganin ta yi tauri, da manyan yatsunsa biyu yake turawa bakin na kallon fuskarsa. Akwai ƙananan akwatuna masu lambobi da ake buɗewa cikin daƙiƙa biyu, a ɗaure shi da waya ko kusa a jikin gado. A mota ma haka, don daga motoci ake sace bindigogi da yawa a can. Ka rubuta lambar jikinta ka ajiye daban. In ɗan sanda ya tsayar da kai a hanya, hannu biyu a kan sitiyari, ka faɗa masa da baki kana da lasisi kuma tana jikinka, ka jira abin da zai ce, kada ka kai hannu don ka nuna masa, mu baƙaƙen fata wannan ba abin wasa ba ne.

Kuma ɗaukar ta na nufin ka zama mafi haƙurin kowa a titi. Wanda ya zage ka a danja ka ba shi haƙuri ka wuce, wanda ya tare maka hanya ka kauce. Ba a fito da ita don tsoratarwa ko don raba gardama, sai ran da rai ke cikin haɗari a take kuma ba mafita. Duk shekarun da na yi da ita ban taɓa zaro ta a kan mutum ba, kuma kullum addu'ata ke nan in zan fita.

Yanzu mu dawo gida. Abin da na faɗa wa ɗan yayata shi ne, ko da doka ta ba ka, wannan 'yar abar an yi ta ne don ɓarawo ɗaya a tazarar taku biyar, ba don mutum talatin a kan babura da AK-47 ba. A hanyar Jibiya ko ta Ƙanƙara ba za ta cece ka ba, in ɓarayin daji suka same ta a jikinka sun ɗauke ka ɗan sa-kai, in jami'ai suka same ta a shingen bincike sun ɗauke ka ɗan aiken ɓarayi, ta ko'ina kai ne a ƙasa. Ta maƙera kuma ban da ɗaurin da ke kanta, ƙarfen ba a gwada shi ba, tana iya fashewa a hannu. Wanda yake da gona ko dabbobi yana son abin da doka ta yarda, hanyarsa ita ce bindigar farauta ko ta toka, ya je hedikwatar 'yan sanda ta jiha da ƙafarsa ya tambayi sashen da ke kula da lasisin makamai, ba ta hannun ɗan tsakiya ba. Ya sani cewa lasisi ba haƙƙi ba ne da dole a ba shi, kuma a 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sababbi, don haka abin da ofishin ya faɗa maka a ranar shi ne magana, in sun ce a jira a jira. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Harsashi ma sai da izini, kuma lasisin na bindiga ɗaya ne da mutum ɗaya, ba a ara wa ƙane. Mai son ya tsare garinsu da gaske kuma akwai rundunar tsaron al'umma da gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, da 'yan sintirin unguwa da ke aiki da sanin dipio da mai unguwa, nan ƙarfin mutum ɗaya ke zama wani abu.

Akwai wani abu da ke faruwa a gidajenmu da ba a lura da shi, tsoho ya rasu ya bar bindigar farautarsa mai lasisi a bayan ƙyaure, 'ya'ya su ɗauka gado ce kamar gona. Ba haka ba ne, lasisin ya bi mai shi, doka ta ba magada kwana 14 ne kawai, bayan nan sai a kai ta wajen 'yan sanda a ajiye a karɓi takarda, in wani cikin magada yana so ya nema da sunansa.

Ku kuma 'yan'uwa na can masu shirin zuwa hutu ko dawowa gaba ɗaya, lasisin Teksas ko na wata jiha ba ya aiki a filin jirgin Kano ko Abuja, kada ma tunanin ya zo, ko a kwantena ko cikin mota. Ni da zan taho na mayar da tawa shagon dila na sayar, na karɓi rasit na adana, sauran harsasan na ba filin harbin da nake zuwa. Sannan na zazzage duk jakar da na taɓa zuwa harbi da ita, na bi kowane zif da kowane lungu da hannu, kuma sai ga harsashi ɗaya ya gangaro daga ƙarƙashin shafin wata 'yar jakar baya, jakar da na yi niyyar riƙewa a hannu in shiga jirgi da ita. Na bar jakar a can na sayi sabuwa.